Jacques Monod: Bafaranshen da ya shekara 20 yana bin sawun sukarin madara

A shekarar 2021, lokacin da alluran rigakafin korona na Pfizer da Moderna suka iso Ghana, wata tambaya ta yi ta yawo a wayoyin jama'a, a zangunan kudu da garuruwan arewa irin su Salaga da Yendi da Bawku, haka ma a tsallaken iyaka: shin wannan abu da ake kira mRNA zai sauya halittar da mutum ya gada daga iyayensa? Tushen amsar ya girmi allurar da shekara 60. Yana cikin wata maƙala da Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, suka buga a 1961, inda suka bayyana cewa a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani ɗan saƙo da ke kwafo umarni daga ma'ajiyar gado ya kai inda ake ƙera furotin. Babbar siffar wannan ɗan saƙo ita ce ba ya daɗewa. Yana gama aikinsa ake wargaza shi, ma'ajiyar kuwa tana nan yadda take.

Monod, wanda shi ne babba a cikinsu, ba likita ba ne, kuma ba neman magani ya fita ba. Abin da ya ɗaure masa kai ƙaramin abu ne da wasu malamansa ma suka raina: me ya sa bakteriya ke ɗan dakatawa kafin ta fara cin sukarin madara?

Jirgin da bai shiga ba

An haifi Jacques Lucien Monod a birnin Paris ranar 9 ga Fabrairun 1910. Mahaifinsa, Lucien, mai zane ne daga wani babban gidan Furotesta da ya fitar da limaman coci da likitoci da malamai. Mahaifiyarsa Ba'amurkiya ce daga Milwaukee. Masu karatu a Nijar da Senegal ƙila sun fi sanin wani ɗan dangin, wato Théodore Monod, mai yawon Sahara wanda ya jagoranci cibiyar IFAN ta Dakar daga 1938 zuwa 1965. Jacques ya tashi ne a Cannes, a bakin tekun kudancin Faransa. Shan inna ta taɓa shi yana yaro ta bar shi da ɗan ɗingishi, amma hakan bai hana shi hawan duwatsu da tuƙin jirgin ruwa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ya koma Paris a 1928 ya karanta kimiyyar halittu a jami'ar Sorbonne, ya gama a 1931. Karatun da ake koyarwa a can a lokacin ya tsufa. Ainihin makarantarsa ita ce tashar binciken halittun teku ta Roscoff, inda ya haɗu da André Lwoff da Boris Ephrussi, waɗanda suka nuna masa inda ilimin ya dosa. Duk da haka ya daɗe bai tsaya a wuri ɗaya ba. Gwanin kaɗa cello ne, ya kafa ƙungiyar mawaƙa, kuma ya kai shekara 26 yana wasiwasi tsakanin kiɗa da kimiyya.

A 1934 ya bi jirgin bincike na Pourquoi-Pas? na Kwamanda Charcot zuwa Greenland. A 1936 ya yi shirin sake binsa, sai Ephrussi ya lallashe shi suka tafi Kalifoniya, wurin Thomas Hunt Morgan, babban masanin gado na zamanin. A watan Satumban wannan shekara jirgin ya kife a gaɓar Iceland, mutum ɗaya kacal ya tsira. A Kalifoniya ma Monod ya fi ba kiɗa lokaci, abin da ya ɓata wa Ephrussi rai, har aka yi masa tayin zama jagoran ƙungiyar makaɗa. Ya ƙi, ya dawo gida. A 1938 ya auri Odette Bruhl, masaniyar kayan tarihin Asiya kuma Bayahudiya, suka haifi tagwaye maza a 1939.

Kwalba ɗaya, sukari biyu

Aikin digirinsa na uku bai da wani armashi a ido. Yana zuba bakteriya a ruwa mai sukari, yana auna yadda ruwan ke gurɓacewa sa'a bayan sa'a, domin gurɓacewar ita ce ma'aunin yawansu. Bakteriyar da ya fi aiki da ita, E. coli, tana zaune a hanjin mutum da na dabba, kuma idan ta samu abinci takan rabu biyu kusan kowane minti 20. Daga wannan awo ya fitar da wani lissafi da ke danganta saurin hayayyafar da yawan abincin, wanda injiniyoyin tace ruwan ƙazanta ke amfani da shi har yau da sunansa.

A ƙarshen 1940, Jamusawa na mamaye da Paris, ya gwada haɗa sukari iri biyu a kwalba guda. Da wasu haɗe-haɗen babu abin da ya canza. Amma idan ya haɗa gulukos da laktos, bakteriyar ba ta cin su tare. Takan cinye gulukos tas tana hayayyafa, sannan ta tsaya cak, bayan ɗan lokaci kuma ta sake tashi ta kama laktos. Laktos shi ne sukarin da ke cikin madara, wanda wasu bakteriya na daban ke ci su mayar da madarar kindirmo a ƙwaryar Bafulatana. Monod ya kai wa Lwoff sakamakon. Lwoff ya ce masa ƙila abin da ake kira sabon enzayim ne, wato bakteriya na buƙatar lokaci kafin ta saba da sabon abinci. Monod bai taɓa jin maganar ba. Ya samu digirinsa a 1941, kuma Lwoff ya ba da labari daga baya cewa ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya nuna Sorbonne ba ta da sha'awar irin wannan aiki.

Enzayim wani nau'in furotin ne da ke aiki kamar kayan aikin hannu. Akwai guda da ke raba laktos gida biyu don bakteriya ta iya ci. Idan babu laktos a kusa, kusan babu wannan enzayim a jikinta. Da zarar laktos ya zo, cikin 'yan mintoci sai yawansa ya fara hawa, har ya kai kusan ninki dubu. Halittar da ba ta da ƙwaƙwalwa, ta yaya ta san abin da aka ajiye mata?

Yaƙi ya katse binciken. Monod ya shiga gwagwarmayar ɓoye tun 1940, a ƙungiyar da ke da alaƙa da gidan tarihi na Musée de l'Homme, wadda aka tona asirinta aka harbe bakwai daga cikin mutanenta a 1942. A 1943 ya koma ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta FTP, wadda 'yan kwaminis ke jagoranta, ya shiga jam'iyyarsu don a riƙa jin maganarsa. Matarsa da 'ya'yansa suna ɓoye a wajen gari da takardun bogi. Shi kuma yana yawo da sunayen aro, yana cusa takardun sirri a cikin ƙashin ƙafar wani busasshen raƙumin dawa da ke tsaye kusa da ofishinsa a Sorbonne. Zuwa 1944 ya zama babban jami'in tsara farmaki a hedikwatar dakarun cikin gida na FFI, yana cikin waɗanda suka shirya boren da ya kai ga 'yantar da Paris a watan Agusta.

Ɗakin saman Pasteur

A 1945 ya bar jam'iyyar kwaminis, ya koma Cibiyar Pasteur ƙarƙashin Lwoff, a wasu ƙananan ɗakuna da ke can ƙarƙashin rufin gini. Bayan shekara uku siyasa ta sake biyo shi. A 1948 gwamnatin Stalin ta haramta ilimin gado a Tarayyar Sobiyet, ta ɗaukaka Trofim Lysenko, wanda ke da'awar cewa ana iya horar da tsiro ya sauya, 'ya'yansa kuma su gaji horon. Babban masanin irin shuka Nikolai Vavilov ya riga ya mutu a kurkuku tun 1943. Yawancin 'yan bokon hagu na Faransa sun yi shiru ko sun yi tafi. Monod ya fito a jaridar Combat a watan Satumba ya ce da'awar ba ta da tushe ko kaɗan. A nan ya rasa abokai da yawa, ya kuma samu guda, marubuci Albert Camus.

Rikicin ya shafi aikinsa kai tsaye, domin magoya bayan Lysenko suna kafa hujja da sabon enzayim: ga halitta tana koyo daga muhalli. Monod ya ƙudurta gano gaskiyar abin. Tare da wani matashi Ba'amurke, Melvin Cohn, suka haɗa sinadarai masu kama da laktos. Suka samu wasu da ke sa bakteriya ta ƙera enzayim ɗin alhali ba ta iya cinsu, da wasu da take iya ci amma ba sa tayar da ƙirar. Ke nan abincin ba malami ba ne, alama ce kawai. A 1955, da taimakon sulfa mai fitar da haske da ake iya bin sawunsa, suka nuna cewa enzayim ɗin sabo fil ake ƙera shi, ba tsohon furotin ake lanƙwasawa ba. A 1956 kuma ɗakinsa ya gano wani furotin na biyu da ke shigo da laktos cikin bakteriyar, wanda ke tashi tare da na farko ya kwanta tare da shi, kamar maɓalli ɗaya ke kunna su.

A ɗaya ƙarshen barandar akwai François Jacob, wanda ya girmi kowa a wahalar yaƙi duk da cewa Monod ya ba shi shekara goma. Ya yi aikin jinya a rundunar Faransa mai 'yanci da ta taso daga Chadi ta ratsa Fezzan zuwa Tunisiya, aka ji masa mummunan rauni a Normandy a 1944, burinsa na zama likitan tiyata ya rushe. Shi da Élie Wollman sun ƙware a wani abu: bakteriya na iya manne wa 'yar'uwarta ta tura mata ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, kuma ana iya auna mintin da kowace ta shiga.

A 1957 wani baƙo daga Kalifoniya, Arthur Pardee, ya haɗa dabarun ɓangarorin biyu a gwajin da ake kira PaJaMo, daga farkon sunayen su uku. Sun tura lafiyayyar ƙwayar gadon enzayim ɗin cikin bakteriyar da tata ta lalace. Cikin mintoci kaɗan ta fara ƙera enzayim da cikakken ƙarfi, ba tare da an ba ta laktos ba. Bayan kamar sa'a biyu sai ƙirar ta tsaya, ba ta sake tashi sai an kawo alamar. Fassarar da suka buga a 1959 ta juya tunanin Monod na shekaru da yawa. Laktos ba ya tura komai. Akwai wata ƙwayar gado ta daban, wadda ta shiga tare da ta farko, da ke ƙera wani maigadi, shi kuma ya je ya zauna a ƙofar ƙwayoyin gadon laktos ya hana a karanta su. Sa'a biyun nan lokacin da maigadin ya ɗauka ne kafin ya taru. Aikin laktos shi ne ya kama maigadin ya janye shi daga ƙofa. Masanin nukiliya Leo Szilard, wanda ya ziyarce su a lokacin, ya matsa a kan wannan fassara, kuma da farko Monod ya yi ta gardama kafin ya karɓe ta hannu bibbiyu. A 1960 suka raɗa wa jerin ƙwayoyin gadon da ke ƙarƙashin ƙofa ɗaya suna operon.

Keken ɗinki da takardar awo

Gwajin ya bar wata matsala da ta fi ta farko girma. Tun 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar DNA, inda umarnin gado ke rubuce da haruffa huɗu. An kuma san cewa ana ƙera furotin ne a kan wasu ƙananan injuna da ake kira ribozom, ana jera tubala iri 20 ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka ɗauka shi ne kowace ƙwayar gado tana ƙera nata ribozom na musamman. Kwatankwacin a ce tela a kasuwar Yendi sai ya sayi sabon keke don kowace riga, keken batakari daban, na jallabiya daban. To amma ribozom abu ne mai ƙarko, yana daɗewa. Ta yaya ƙira za ta fara cikin minti uku, ta kuma tsaya nan take idan an rufe ƙofa ko an lalata ƙwayar gadon? Jacob da Monod suka ce dole akwai wani abu a tsakani mai saurin haɗuwa da saurin lalacewa. Kusan babu wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci.

An warware ƙullin ne ranar 15 ga Afrilun 1960 a Cambridge, a ɗakin Sydney Brenner, kuma Monod ba ya wurin. Jacob na bayanin sakamakon Paris, sai Brenner da Crick suka tuna da wani aiki na 1956 da Elliot Volkin da Lazarus Astrachan suka yi a Amurka, inda suka ga wani RNA mai gajeren rai yana bayyana a bakteriyar da bairos ya shiga, ba su san amfaninsa ba. Shi ne abin da ake nema. Keken ɗinkin guda ne, yana ɗinka duk abin da aka miƙa masa. Abin da ke canzawa shi ne takardar awo, wadda ake kwafowa daga babban littafi, a ɗinka da ita, a yage ta. A watan Yuni Brenner da Jacob suka tafi Kalifoniya wurin Matthew Meselson, suka sha wahala makonni injunan na tarwatse musu, sai a kwanakin ƙarshe suka ƙara sinadarin magnesiyam suka ga sabon RNA zaune a kan tsofaffin ribozom. François Gros, daga ɗakin Monod, ya samu irin wannan sakamako a ɗakin Watson a Harvard. An buga ayyukan biyu tare a mujallar Nature a watan Mayun 1961.

Wata guda bayan haka maƙalar Jacob da Monod ta fito a Journal of Molecular Biology, shafi 39. Ba sabon gwaji ta kawo ba. Ta tattara aikin shekara 20 ne ta zana taswira: ga ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da tsarin furotin, ga waɗanda aikinsu kula da wasu ne, ga ƙofa, ga maigadi, ga kuma RNA ɗan saƙo, sunan da ya zauna masa har yau, wanda ake taƙaitawa mRNA. Tana cikin maƙalolin da aka fi ambata a tarihin ilimin halittu. Ta kuma taɓo wata tsohuwar tambaya: tunda hanta da ido da fata duk littafin gado ɗaya suke ɗauke da shi, me ya bambanta su? Shafukan da kowanne ya buɗe da waɗanda ya rufe. A cikin wannan shekara Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka haɗa ɗan saƙo na ƙarya da harafi ɗaya tak suka ba ribozom, ya ɗinka musu furotin mai tubali iri ɗaya, aka karanta kalmar farko ta rubutun gado.

A 1965 aka ba Lwoff da Jacob da Monod lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, wadda rabon Faransa da ita tun Charles Nicolle a 1928. Volkin da Astrachan, waɗanda suka fara ganin ɗan saƙon da idonsu, ba su samu komai ba.

Monod kansa ya fi alfahari da wani aikin. Ta yaya ƙaramin sukari ke sa maigadi ya saki ƙofa? Tare da ɗalibinsa Jean-Pierre Changeux da Ba'amurke Jeffries Wyman, ya bayyana a 1965 cewa furotin da yawa suna da siffa biyu, kuma abin da ya manne musu a gefe ɗaya yana karkata su zuwa siffa guda, aikinsu a ɗaya gefen ya sauya. Babban misalinsu shi ne himogulobin, jan furotin na jini mai sassa huɗu, wanda ke cika da iskar oksijin a huhu ya sauke ta a tsoka. Wannan furotin ba baƙo ba ne a asibitocin yankinmu. Sauyin tubali ɗaya a cikinsa ne ke haddasa sikila, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a 1957, kuma wani sauyin a daidai wannan gurbi ne ke ba da nau'in C, wanda ya fi yawa a duniya a arewacin Ghana da Burkina Faso. Monod bai yi aiki a kan sikila ba, amma masu bincikenta sun yi amfani da bayaninsa, domin jinin sikila yana dunƙulewa ne a siffar da ya sauke oksijin.

Inda taurin kai ya kai shi

Taurin kan da ya riƙe shi a kan tambaya ɗaya shekara 20 shi ne kuma ya rufe masa ido a wasu wurare. A maƙalar 1961 sun karkata ga cewa maigadin RNA ne. Da Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka kama shi a 1966, furotin ne. Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban shi ne yadda Monod ya yi da Ellis Englesberg, wanda tun 1965 ya nuna cewa a wani sukarin daban akwai furotin da aikinsa buɗe ƙofa ne, ba rufewa ba. Monod ya ga tsarin maigadi ya yi kyau da yawa a ce yana da kishiya, ya yi shekaru yana watsi da hujjojin mutumin, kuma da yake maganarsa na da nauyi, wasu suka bi shi. Englesberg ne ke da gaskiya.

Abin ya ma zo har cikin gidansa. A 1960 Monod ya shirya, ya kuma tara kuɗi, aka fito da masaniya Agnes Ullmann da mijinta daga Hungary a ɓoye cikin wata tirela. A 1968 ita da shi suka nuna cewa wani ƙaramin sinadari, cAMP, yana ɗage takunkumin da gulukos ke sa wa cin laktos. Bayan shekara biyu wasu suka gano furotin ɗin da wannan sinadari ke aiki da shi, kuma mai buɗe ƙofa ne, a kan operon ɗin Monod kansa. Dakatawar da ya gani a kwalba a 1940 tana da hannun irin tsarin da ya ƙaryata.

Ya sha faɗin cewa abin da ya tabbata a bakteriya ya tabbata a giwa. Ta fuskar ɗan saƙo da ribozom haka ne. Ta wasu fuskokin kuwa, mutum da giwa sun fi haka sarƙaƙiya: a 1977 aka gano cewa ƙwayoyin gadonsu a gutsuttsure suke, sai an yanka ɗan saƙon an ɗinke kafin ya fita aiki.

Bayan Nobel ya shiga harkokin jama'a sosai. Shi ya gabatar da Martin Luther King a wani babban taro a Paris a 1966, ya kuma fita cikin ɗalibai a boren Mayun 1968 yana taimakon waɗanda aka ji wa rauni. A 1970 ya fitar da littafin Le Hasard et la Nécessité, wato dace da tilas, wanda ya yi kasuwa ƙwarai. Rabin farko bayanin ilimin furotin da gado ne. A ƙarshensa kuwa Monod, wanda bai yi imani da addini ba, ya kammala cewa rayuwa da ɗan Adam sun samu ne bisa dace ba tare da wata manufa ba. Malaman addini sun yi masa raddi, 'yan kwaminis ma haka, wasu abokan aikinsa kuma suka ce ya tsallaka daga abin da gwaji ya nuna zuwa abin da gwaji ba zai iya yanke hukunci a kansa ba. Wannan sukar tana da ƙarfi. Babu kwalbar da ta auna manufa, kuma masana da yawa masu imani suna aiki da operon kullum ba tare da sun ɗauki falsafar mai shi ba.

A 1971 ya karɓi shugabancin Cibiyar Pasteur tana cikin matsin kuɗi. Ya ware sashen ƙera alluran rigakafi ya zama kamfani, ya matsa wa gwamnati ta ƙara tallafi, ya yanke shawarwari da yawa ba tare da tuntuɓa ba, har tsofaffin abokansa suka riƙa kuka da mulkinsa. Cibiyar dai ta tsira, tare da danginta na ƙetare irin su Pasteur ta Dakar mai ƙera rigakafin shawara, dangin da cibiyar CERMES ta Yamai ke cikinsu a yau. Matarsa ta rasu a 1972. Shi kuma ciwon jini ya kama shi, ya rasu a Cannes ranar 31 ga Mayun 1976 yana da shekara 66, aka binne shi a can.

Bai ga amfanin farko da aka ci daga aikinsa ba. A 1978 masu bincike a Kalifoniya suka ɗora umarnin insulin na ɗan Adam a bayan ƙofar laktos ta E. coli, bakteriyar ta ƙera shi tana zaton enzayim ɗinta take yi. A 1982 aka amince da wannan insulin, kuma irinsa, wanda bakteriya ko yis ke ƙerawa, shi ne mai ciwon sukari ke karɓa yau a Bawku ko Maraɗi. Alluran korona na mRNA, waɗanda aikin Katalin Karikó da Drew Weissman na 2005 ya share wa hanya, takardar awo ce ake miƙa wa ribozom na mutum. Ba ta shiga ma'ajiyar DNA, kuma jiki na wargaza ta cikin kwanaki.

Akwai kuma ɓangaren da ya kamata makiyaya da masu sayen magani a kasuwa su sani. Tetracycline, wanda ake ɗirka wa mutane da shanu, yana aiki ne ta hanyar toshe ribozom na bakteriya, haka ma chloramphenicol da aka daɗe ana yaƙar annobar sanƙarau da shi a yankin Sahel. Rifampicin na tarin fuka kuwa yana hana kwafo ɗan saƙon ne tun daga tushe. To, bakteriya da yawa suna ɗauke da ƙwayar gadon wani famfo da ke fitar da tetracycline waje, kuma a kan ƙofarta akwai maigadi irin wanda Jacob da Monod suka bayyana. Maganin da kansa ne ke janye maigadin, famfon ya tashi. Duk lokacin da aka sha maganin ba bisa ƙa'ida ba, masu famfon ne ke tsira su hayayyafa.

A 1982 aka sa sunansa a wata cibiyar bincike a Paris. Ɗalibin da ya bar Yendi ko Salaga ya je karanta kimiyyar halittu a Tamale ko Legon ko Zariya zai haɗu da operon na laktos a darasin gado, kuma idan ya kai ga aikin dasa ƙwayar gado a bakteriya, akwai yiwuwar a miƙa masa faranti mai ɗigo-ɗigon shuɗi da fari, a ce ya tsinci fararen domin su ne dashen ya kama. Wannan dabara ta samo asali ne daga wata maƙalar 1967 mai ɗauke da sunaye uku: Ullmann, Jacob da Monod.